Zanen Bango Ma Hujjar Tarihi Ne



Ba zan tsaya a kan yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 ba, kun san yadda Meksiko ta rasa kusan rabin ƙasarta. Jikokin mutanen da suka wayi gari a ƙarƙashin Amurka, da waɗanda suka biyo baya neman aiki, su ne daga shekarun 1960 suka riƙa kiran kansu Chicano. Ƙorafina tsoho ne: muna koyar da tarihin Amurka kamar farare da baƙaƙe kaɗai ke cikinta. A ambaci Cesar Chavez da yajin aikin masu tsinkar inabi na Delano a 1965, a wuce.

Ɗalibanmu da suka dawo karatu bayan sun manyanta sun fi kowa damuwa da wannan giɓi. Idan suka tambaye ni inda za su fara, bango nake nuna musu.

A Los Angeles akwai magudanar ambaliya ta siminti da ake kira Tujunga Wash. A 1976 Judith Baca ta fara zane a jikinta, aikin da ya kai tsawon ƙafa 2,754. Matasa fiye da 400 suka yi aikin, wasunsu ma daga hannun hukumar kula da yara masu laifi aka turo su. Kafin a ɗora fenti sai an zauna da masana tarihi. Me ke jiki? Korar 'yan asalin Meksiko a shekarun 1930, har da waɗanda a Amurka aka haife su. Tsare 'yan asalin Japan a sansanoni lokacin yaƙin duniya na biyu. Rikicin 1943, da sojojin ruwa suka riƙa dukan samarin unguwa saboda irin kwat ɗin da suke sawa. Tashin iyalan Chavez Ravine, inda daga baya aka gina filin wasan Dodgers. Ku nuna min littafin makaranta na wancan lokaci da ya haɗa waɗannan wuri guda.

San Diego ma haka. A Afrilun 1970 mutanen Barrio Logan suka mamaye fili ƙarƙashin gadar Coronado, yau ginshiƙanta cike suke da zane.

Wasu abokan aikina na cewa wannan farfaganda ce. To, rahoton Razdan da muke ɗaukowa daga ma'ajiyar tarihi ta Kaduna fa, ba shi da ɓangare? Muna karanta shi, mu auna, mu tace. Haka za a yi wa zanen.

Abin da nake nema na sha faɗa: a ware wa Chicano mako biyu a kwas ɗin tarihin Amurka, sashen tarihi da na zane-zane su koyar tare, kuma a yarda ɗalibi ya kafa hujja da hoto a kundin digirinsa.