Jawabin Kwamitin Ilimi a Bikin Cikar Shekara: Manhajar Rubutu ta Kyauta Don Ɗiyanmu

Uwar ƙungiya, Hajiya Shugaba, iyayenmu da yayyenmu, da baƙinmu da suka taso daga Gummi da Bukkuyum, sannunku da zuwa Anka. Allah Ya maida kowa gida lafiya.

Mu 'yan kwamitin ilimi magana ɗaya muka zo da ita bana, kuma ta shafi aljihunmu. Da yawa cikinmu sun yi adashi, wasu sun saida akuya, suka saya wa yara kwamfuta ta hannu. Ana cikin murna, bayan 'yan makonni sai Microsoft Word ɗin da ke ciki ya fara neman lambar lasisi. Daga nan ya bar yaro ya karanta, amma ya hana shi rubutawa. Ga jinga malam ya bayar, ga furojet na 'yarmu da ke kwalejin ilimi ta Maru ko jami'ar tarayya ta Gusau. Sai a koma shagon buga takardu ana biya shafi-shafi, ko a kai wa mai gyara ya sa na sata. Na satan nan kuwa yakan shigo da cutar kwamfuta, kuma haƙƙin wani ne. Ko ba haka ba?

To, akwai mafita ta halal. Sunanta LibreOffice. Wata gidauniya mai suna The Document Foundation da ke Jamus ce ke kula da ita, kuma tun 2011 ake raba ta kyauta. Sashen rubutunta shi ake kira Writer, yana yin aikin da ɗalibi ke buƙata: rubutu, jadawali, lambar shafi, sa hoto. Akwai kuma Calc na lissafi, wanda ma'ajiyarmu ma za ta iya rubuta zubin wata a ciki. Ba ta ƙarewa, ba ta neman lamba, kuma masu ita sun yarda a kwafa a ba wani.

Wata za ta ce, ai akwai Google Docs, shi ma kyauta ne. Gaskiya ne, amma ƙarfinsa na ga intanet. Mu kuwa ba mu manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara, aka kwashe makonni ko kira ba a yi. Abin da ya dace da mu shi ne wanda zai yi aiki ko da sabis ko babu. LibreOffice sau ɗaya ake sauke ta, shi ke nan. Wanda ba shi da kwamfuta sai waya, ya sa WPS Office, tana rubutu ba data, sai dai a yi haƙuri da tallace-tallace.

Abu biyu za mu roƙi iyaye su tuna wa yara. Na farko, in an gama rubutu a shiga Save As a zaɓi docx, don ya buɗe a kwamfutar malam. Na biyu, in za a kai shago a buga, a maida shi PDF tukuna, don kada layuka su watse. Kuma a riƙa ajiye aiki akai-akai, mun san halin wutarmu.

Ga shawararmu ga shugabanni. Manhajar ta haura megabait 300, bai kamata kowane gida ya ƙona data ba. Ƙungiya ta sayi filashi ɗaya, a sauke daga shafin LibreOffice na ainihi, a ajiye wurin sakatariya. Duk mai buƙata ta aro ta maido. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma don Allah, kwamfuta ba ta yara maza kaɗai ba ce. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Yarinyar da ta saba buga jingarta a gida, hannunta ba zai yi rawa a ɗakin jarrabawa ba. A tsara musu lokaci, na Yaya daban, na ƙanwa daban.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara, Ya albarkaci zuri'armu, Ya kai mu baɗi.