Da Me Muke Ɗaure Karnukanmu da Kyanwoyinmu?

Sannunku da zuwa Sakkwato cikin wannan zafi.

Kusan kowane gida a ƙauyukanmu yana da kare mai gadi, ko kyanwa mai tsare rumbu daga ɓeraye. Amma da me muke ɗaure su? Wani waya, wani robar tayar keke, wani tsohuwar igiya da zarge. Maganata a yau ita ce, abin da ka sa wa karenka a wuya zai iya kāre ran yaronka da na maƙwabcinka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Karen da ya tsinke igiya ya shiga yawo, shi ne yake haɗuwa da mahaukacin kare ya kawo ciwon gida.

Na farko, abin wuya. Ku sayi mai faɗi na fatar saniya, mai ƙarfe irin na bel. Garin nan gidan fata ne, kowane baduku a kasuwa zai ɗinka maka. Idan ka ɗaura, yatsunka biyu su iya shiga tsakaninsa da wuyan. In bai kai haka ba ya matse, in ya wuce kan kare zai zame. Ɗan kwikwiyo yana girma da sauri, sai a duba nasa kowane mako. Waya da roba suna cin fata, ƙuda ya sauka, tsutsa ta shiga. Zarge kuwa yana shaƙe kare idan ya yi tsalle.

Na biyu, sarƙa. Kare yana tauna igiya, rana kuma tana cinye ta nailan. Sarƙa marar nauyi mai ƙarfen da yake juyawa ta fi ƙarko, ba ta kuma murɗewa. Tsawonta ya kai mita 3, a ɗaure ta ƙasa, nesa da katanga. Araha ba ta ado: wanda yake sayen igiya kowane wata ya riga ya biya kuɗin sarƙa. Daga Maris zuwa Mayu zafi a nan yana wuce digiri 40, saboda haka a ɗaure a inuwa da ruwa a kusa. Kada a bar shi a sarƙa dare da rana, gama hakan yana sa kare mugunta.

Na uku, kwano. A ba shi kwanon silba ko kasko. Kada a yanka galan ɗin maganin feshi a zuba masa ruwa, ko an wanke.

Na huɗu, kyanwa ba kare ba ce. Tana hawa itace da danga, abin wuya mai ƙarfi zai iya rataye ta. In za a sa mata, ya zama mai ɓallewa da kansa idan ya maƙale. In babu, a bar ta haka. Abin wuyan kashe kaska da ƙuma na kare kada ya taɓa ta, domin maganin permethrin da ke cikin wasunsu guba ne ga kyanwa.

Na ƙarshe, sarƙa ba ta maye gurbin allura. A kai kare da kyanwa rigakafi kowace shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin allurar, Jami'ar Usmanu Danfodiyo kuma tana da asibitin dabbobi a nan Sakkwato. Ranar 28 ga Satumba, wadda duniya take tunawa da wannan ciwo, za ta iya zama ranar allurar ƙauyenku. Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a tafi asibiti ranar nan.

In kun koma gida yau, ku sa yatsa biyu a wuyan karenku.