Amsa ga mai mota daga Zauro: yadda ake ajiye mota wata takwas ba ta lalace ba

Takardarmu ta yau ta fito ne daga garin Zauro, nan kusa da Birnin Kebbi, daga hannun wani manomin shinkafa wanda kuma yake taɓa fatauci. Bayan gaisuwa, ga abin da ya ce:

"Ina da mota Peugeot 504 wadda na gada daga mahaifina, 'yan'uwana sun bar mini ita cikin rabona. Da zarar na kwashe shinkafar rani zan tafi Legas, ba zan komo ba sai bayan kaka, kamar wata takwas ke nan. Wasu sun ce in sayar, ni kuwa ba zan iya ba. Wasu sun ce in bar wa yaro makulli ya riƙa tayar da ita kowace safiya. Wasu kuma sun ce in lulluɓe ta da tamfol in yi tafiyata. Wanne ne daidai?"

To Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Maganar sayarwa dai mun bar maka, abin da uba ya hau ba kowa ne ke iya sa masa kuɗi ba. Sauran shawarwarin biyu kuwa, babu wadda za mu ce ka bi yadda aka faɗa maka.

Ita wannan mota da muke kira fijo, a Faransa aka fara ƙera ta a 1968, kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna da aka buɗe a 1975 ta yi shekaru masu yawa tana harhaɗa ta. Yanzu an daina yin sabuwa. Kayan injin har gobe ana samunsu a hannun 'yan gwangwan da masu kayan gyara, amma in tsatsa ta ci ƙasan mota, wannan sai haƙuri. Saboda haka abin tsoro na farko shi ne ruwa, kuma kai da ke zaune a bakin fadamar Rima ba sai an yi maka dogon bayani ba. Ka tuna ambaliyar 2010, lokacin da aka saki ruwan madatsar Goronyo, ka tuna ta 2020 wadda ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar Kebbi. Watannin da ba ka nan, cikinsu akwai Agusta da Satumba. Ka nemi tudu, wurin da dattawan unguwa suka shaida ruwa bai taɓa kwanciya ba. In gidanka a kwari yake, gara ka roƙi ɗan'uwa a Birnin Kebbi ko Argungu ya ba ka wuri. A samu rumfa mai rufi wadda iska ke ratsawa, ƙasa busasshiya, nesa da murhu, nesa da rumbu. Kada a ƙarƙashin itace, kada kuma a jikin katangar ƙasa, domin ita kanta takan zube in ruwa ya yi nauyi.

Yanzu ga maganar yaro da makulli. Mutane da yawa na ganin tayar da mota minti biyar kowace safiya gata ne aka yi mata. Ba haka ba ne. Duk lokacin da fetur ya ƙone, tururin ruwa na fita tare da hayaƙi. In injin bai yi zafi sosai ba, wannan ruwa ba ya ƙafewa, sai ya kwanta cikin salansa ya ruɓar da ita daga ciki, wani kuma ya sauka cikin baƙin mai. Sa'annan wutar da batir ya kashe wajen tayar da injin, minti biyar a tsaye ba ta isa ta mayar masa da ita. Kullum ana ɗiba ba a zubawa. Kafin wata biyu batir ya kwanta, yaro ya fara kiran abokansa su tura. Daga turi kuwa sai a ce bari mu ɗan zagaya. Ni da kaina na taɓa barin mota a hannun wani ƙanena na yi tafiyar wata huɗu, na dawo na tarar ta je biki uku, fitilar hagu kuma ba ita na bari ba. Idan kana da babban mutum mai amana wanda ya iya tuƙi, wanda zai fitar da ita sau ɗaya ko sau biyu a wata ya yi tafiyar rabin awa a kan kwalta, kamar daga Zauro zuwa Birnin Kebbi ya dawo, to wannan ya fi kome. In babu irinsa, a shirya ta ta kwanta gaba ɗaya, makulli ya bi ka Legas.

Shirin kwanciyar yana farawa ne a wurin bakanike. A juye baƙin mai a zuba sabo, a canza matatarsa. Na san za ka ce ai asara ce a zuba sabon mai a motar da ba za ta motsa ba. Tsohon mai yana ɗauke da datti da tsami da ruwa, kuma wata takwas zai yi yana cin ƙarfe a hankali. A duba lagireto: in ruwan rijiya ko na gulbi kake zubawa, a wanke, a zuba ruwan sanyaya injin mai maganin tsatsa. Kada a bar shi wayam, lagireton da ba ruwa ya fi saurin tsatsa. Bayan nan ka yi 'yar tafiya sabon man ya zaga, ka kai ta makwancinta. In ta huce, bakanike ya kwance fulogai huɗun, ya ɗiga baƙin mai kamar ƙaramin cokali a kowane rami, ya juya injin kaɗan, ya mayar.

Fetur shi ne inda aka fi gardama. Tankin 504 na ƙarfe ne, yana cin fiye da lita 50. In ka bar shi rabi, iskar damina mai laima tana shiga, da dare ta zama raɓa a jikin tankin, tsatsa ta kama, kuma ita ce za ta riƙa toshe maka hanyar mai bayan ka dawo. Don haka ko dai a cika shi, a bar ɗan wuri saboda zafi yana kumbura fetur, ko kuwa a tsiyaye shi tas. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, cika tanki ba ƙaramin abu ba ne, kuma cikakken tanki a gidan da maigida ba ya nan jarraba ce ga mai tiyo da jarka. Kai ka san gidanka. In wurin yana kulluwa, cikawa ta fi. Wanda ba a yi masa gardama shi ne kafireta: a cire tiyon mai, a bar injin ya yi ta aiki har ya mutu da kansa. Fetur ɗin da ya kwana watanni a kafireta yakan bushe ya bar wani danƙo mai toshe ƙananan ƙofofinta. Masu injin ban-ruwa, wannan ta shafe ku. Injin da aka jefa ɗaki da mai a cikinsa tun faɗuwar damina, shi ne wanda ake ta jan igiyarsa a watan Disamba har kafaɗa ta yi ciwo. Ku rufe famfon mai ya shanye na ciki, ku zubar da ruwan da ya rage a cikin famfon, sa'annan ku ajiye.

Batir a cire shi ɗungum. A fara kwance baƙar waya mai alamar ɗebewa, sa'annan ja. Batir yana zubar da wutarsa ko ba a taɓa shi ba, kuma zafin ƙasarmu, inda watan Afrilu kan wuce digiri 40, yana ƙara masa sauri. A ajiye a ɗaki mai sanyi inda yara ba sa kaiwa, a kai wa mai caji sau ɗaya a wata. In ruwansa ya ja baya, ruwan batir za a ƙara, ba na randa ba. Idan ma ya riga ya tsufa, ka sayar ka sayi sabo in ka dawo.

Kada ka ja birkin hannu. In ya daɗe a ɗaure cikin laima, birkin yakan manne. A sa duwatsu gaba da bayan taya. A ƙara wa tayoyi iska kaɗan fiye da yadda aka saba, a tare su daga rana. Wasu na ɗaga mota su ɗora kan kututture, amma gara na cin itace, kuma yara na shiga ƙarƙashin mota wasa, don haka in ba a samu abin tokara mai ƙarfi ba, a bar ta kan ƙafafunta.

Sai ɓera, wanda a gidan manomi ya fi tsatsa ɓarna. Motar da ta ɗauki buhunan shanshera tana da ƙwayoyi a but, a ƙarƙashin kujeru, a kowane lungu. Wannan gayyata ce. In ɓera ya shigo cin shinkafa, zai zauna ya yi sheƙa da soson kujera, ya gwaguye wayoyin wuta, kuma wayar da aka feƙe ita ke kawo gobara ranar da aka mayar da batir. A fitar da darduma, a share, a wanke ciki da ƙasan mota inda laka ta manne, a bari ta bushe ƙayau. A toshe bakin salansa da bakin da injin ke shan iska da ragar ƙarfe, domin zanzaro ma yakan yi gini a nan. Ka rubuta a takarda ka ɗora kan sitiyari cewa ka toshe su, saboda mantuwa. Tarko a gefe ya fi guba a gidan da ke da kaji da ƙananan yara.

Tamfol na roba kuwa, in an ɗaure shi har ƙasa, laimar da ke tasowa ba ta da wurin fita, mota ta yi ta gumi, ciki ya yi funfuna, iska kuma ta riƙa goga shi a jikin fenti. A ƙarƙashin rumfa, tsofaffin zannuwan gado na auduga sun wadatar. A sauke gilashi kamar kaurin ɗan yatsa bai kai ba, iska ta riƙa shiga.

Ranar da ka dawo lafiya, kada ɗoki ya sa ka murɗa makulli. Buɗe gaban mota ka duba wayoyi, ka cire abin da ka toshe, ka shinshina fetur, in yana warin tsohon fenti a zubar. Ka duba mai da ruwa, ka taka birki ka ji ko ya tsaya da ƙarfi, ka duba takardu da inshora kafin ka hau titi. In kuwa, Allah ya kiyaye, aka ce maka ruwa ya hau ta har injin, kada kowa ya gwada tayarwa sai bakanike ya cire fulogai ya fitar da ruwan, domin ruwa a cikin injin yana lanƙwasa ƙarfe nan take.

Allah ya kai ka lafiya, ya ba da kasuwa. Akwai takardar wata baiwar Allah daga Argungu a kan ƙwarin da ke cin busasshen kifi a ajiya, ita za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu.