Ciwo ya wuce, jiki bai koma daidai ba

Muna gaida dukan ƴan makarantar yaƙi da jahilci, maza da mata, tare da malamansu. Yau gaisuwa ta musamman ga mutanen Arewa: na Dogon Dutsi, Matankari, Kiyeshe, Ɗan Kasari, Sukukutan da Dogon Kiriya, da na Tibiri, Gesheme, Dumega da Kore Mai Ruwa. Kowa ya matso kusa da rediyo, ya ɗauko littafinsa da abin rubutu, don akwai abin da za mu rubuta.

Hirarmu ta yau a kan cutar korona take. Wani zai ce: “Ai korona ta wuce, me ya kawo zancenta?” Gaskiya ne, annobar ta lafa. Amma akwai mutanen da ciwon ya sake su, ƙarfinsu bai dawo ba. Su ne muke tafe da maganarsu.

Yadda abin ya faro

Korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019. Ranar 11 ga Maris 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta zama annoba, ta game duniya. Ranar 19 ga Maris 2020 aka samu mutum na farko mai ita a ƙasarmu, a Yamai.

Kun tuna abin da ya biyo baya. An rufe makarantu. An rufe iyakokin ƙasa. An tsaida sallar jam'i a masallatai, sai a watan Mayu aka sake buɗe su. An hana shiga da fita Yamai. Motocin da suka saba ratsa Dogon Dutsi a kan babbar hanya suka ragu. Ƴan cin rani da yawa suka maƙale a Najeriya da ƙasashen bakin teku. Cutar ba ta bar manya ba: ranar 3 ga Mayu 2020 ta yi ajalin ministan ƙwadago, Mohamed Ben Omar. A ƙarshen Maris 2021 aka fara allurar rigakafi a ƙasarmu.

A lissafin hukuma, mutum wajen 10.000 suka kamu a Nijar, sama da 300 suka rasu. Amma awon cutar ya fi yawa a Yamai da manyan garuruwa. A ƙauye, mutane da dama sun yi zazzaɓi da tari, suka ce mura ce ko masassara, suka tashi ba a auna su ba.

Ranar 5 ga Mayu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce lokacin gaggawa ya ƙare. Ba ta ce ƙwayar cutar ta ɓace ba. Tana nan cikin mutane kamar yadda mura take.

Ciwo kan bar sawu

Ƴan'uwa, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A 2015 sanƙarau ya shiga jahar Dosso. Wasu sun warke sarai. Wasu sun warke amma kunnensu ya daina ji. Ƙyanda kan bar yaro da ciwon ido. Shan inna kan bar shi da gurguwar ƙafa. Haka korona take. Galibin waɗanda ta kama sukan warke cikin mako biyu zuwa huɗu. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 100 da suka kamu, wajen 6 sukan daɗe suna fama. Likitoci suna kiran wannan doguwar korona.

Yaya ake gane ta? Idan wata 3 sun wuce da fara ciwon, mutum bai koma daidai ba, wahalar ta kai wata 2 tana damunsa, kuma likita ya duba bai ga wata cuta ba, to ana zaton ita ce. Ga alamominta. Ku rubuta:

1. Gajiya mai tsanani wadda barci ba ya kore ta.
2. Haki da ƙarancin numfashi, ko da aikin kaɗan ne.
3. Mantuwa da rikicewar tunani.
4. Tari mai daɗewa.
5. Rashin jin ƙanshi, ko rashin jin ɗanɗanon abinci.
6. Bugun zuciya da sauri, da jiri in an miƙe tsaye.
7. Ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, da rashin barci.

Ba dole mutum ya haɗa su duka ba. Kuma sukan zo su tafi: yau da sauƙi, gobe jiki ya ƙi. Abin ya fi samun mata, da waɗanda ciwon ya kwantar ƙwarai, da masu wata cuta tun da fari. Amma ko saurayi mai ƙarfi yana iya samunsa.

Mu ɗauki misali

A ce ga wani magidanci a wani ƙauye cikin Dallol Mawri. Ya yi zazzaɓi da tari a lokacin ɗari, ya kwanta kwana goma, ya tashi. Damina ta faɗi, aka yi shuka, noman fari ya zo. Ya ɗauki hauya ya tafi gona. Da can shi ke gaba, samari na bin sa. Yanzu kafin hantsi ya zauna gindin gawo yana haki. Ya ji kunya, ya cije, ya yi noma har azahar. Washegari ya kasa tashi. Kwana uku yana kwance, ciyawa tana cin hatsi.

Ƙaninsa ya ce lalaci ne. Uwarsa ta ce sammu ne. Wani maƙwabci ya ce iskoki ne. Aka sayar da akuya biyu, kuɗin ya tafi wurin neman magani nan da can. Aka sayi ƙwayoyi wurin mai talla a kasuwa. Jiki bai canza ba. Ga akuya sun tafi, ga gona ta lalace, ga ɓacin rai cikin gida.

Ina kuskuren yake? Kuskure uku ne. Ba a kai shi likita ba. Ya tilasta wa jikinsa. Danginsa kuma ba su yarda ciwo ne ba. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: a je likita

Gajiya da tari da haki ba na korona kaɗai ba ne. Zazzaɓin cizon sauro yana kawo gajiya. Ƙarancin jini yana kawo haki da jiri, musamman ga mata masu ciki da masu shayarwa. Ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya suna raunana mutum. Tarin da ya wuce mako 2 yana iya zama tarin fuka, sai an auna majina a gane. Tarin fuka yana warkewa in an sha magani wata 6 ba fashi.

Don haka kada kowa ya zauna gida ya ce: “Nawa doguwar korona ce.” A fara da gidan likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura mutum babban asibitin gunduma.

Akwai alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya. Ku rubuta su, ku ja musu layi:

1. Numfashi yana sarƙewa alhali mutum na zaune.
2. Ciwon ƙirji mai tsanani.
3. Tari da jini.
4. Suma, ko mutum ya rikice bai san inda yake ba.
5. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo.
6. Ɓarin jiki ɗaya ya mutu, ko baki ya karkace.

In an ga ɗaya daga cikinsu, a nemi amalanke ko babur ko mota, a tafi nan take, ko da dare ne.

Game da ƙwayoyin kasuwa, ku ji wannan da kyau. Maganin da ake kira antibiyotik ba ya kashe irin ƙwayar cutar korona. Har yau ba a samu ƙwaya ɗaya wadda ke warkar da doguwar korona ba. Wanda ya ce yana da ita, kuɗinku yake so. Abin da likita ke yi shi ne rage wahalar, da maganin sauran cututtukan da ya gano.

Na biyu: a bi jiki a hankali

Ƙarfin mai wannan ciwo kamar rumbu ne a shekarar da damina ba ta yi kyau ba. Mai hankali yakan auna abin da zai ɗiba kullum don ya kai shi kaka. Wanda ya kwashe duka a wata ɗaya, yunwa ce ke jiransa. Ga masu doguwar korona da yawa, wahalar aiki ba ta fitowa nan take, sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa mutuminmu ya yi noma yau, ya kwanta gobe.

Ga dabarun da likitoci ke bayarwa. A raba aiki ƙanana-ƙanana. A huta tun kafin a gaji. A yi mai nauyi da sanyin safiya. Aikin da za a iya yi a zaune, kamar ɓarar gujiya ko tsintar wake, a yi shi a zaune. In an yi mako guda jiki bai koma baya ba, a ƙara kaɗan. In ya koma baya, a rage. Sannu ba ta hana zuwa.

In haki ya taso, kada a firgita. A zauna, a ɗan sunkuya gaba, a ɗora hannuwa bisa gwiwa. A ja iska ta hanci a hankali. A fitar da ita ta baki, kamar mai hura kunu mai zafi. A maimaita har numfashi ya daidaita. A nisanci hayaƙin murhu da taba. In ƙurar hunturu ta taso, a rufe hanci da baki da rawani ko mayafi.

Wanda ya daina jin ƙanshi, ya samu abu huɗu masu ƙarfin ƙanshi, kamar lemun tsami, kanumfari, citta da ganyen turare. Ya riƙa shaƙar kowane na ɗan lokaci, safe da yamma, har watanni. Wannan yana taimakon wasu. Kafin hanci ya dawo, wani ya riƙa duba masa abincin da ya kwana, don ba zai ji in ya lalace ba.

Abinci kuma, ba sai na kanti ba. Fura da nono, wake, gujiya, ƙwai, zogala, tumatir, da nama ko kifi in an samu. In ba a jin cin abinci, a ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. A sha ruwa mai tsabta.

Na uku: aikin dangi

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ciwo ba a ganinsa da ido, ba rauni, ba kumburi. Shi ya sa ake saurin cewa lalaci ne. Kalmar nan tana ƙara wa mara lafiya ciwo. Wasu har baƙin ciki ya kama su, su daina shiga mutane. In kun ga haka, ku zauna da shi, ku saurare shi, ku faɗa wa likita.

Kada a guje shi. Lokacin da korona ke yaɗuwa shi ne kwanakin farko na ciwon. Wanda ya yi watanni yana fama da gajiya ba ya shafa wa kowa ita. A ci tare da shi, a yi hira da shi.

Magidanta, ku kula da mata. Namiji in ya gaji yakan samu inuwa ya kwanta. Mace kuwa daka na jiranta, rijiya na jiranta, itace na jiranta, ga goyo. In uwargida ta tashi daga ciwo tana haki bakin turmi, a kai hatsi inji, a sa yara jan ruwa. Samarin gari kuma, ga inda gayya take da amfani. Yini ɗaya na gayya ya isa ya ceci gonar mara lafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amfanin karatunku

Ga inda iliminku zai yi aiki. Ku ware shafi ɗaya cikin littafinku. Ku ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, gida huɗu ke nan. A gidan farko, kwanan wata. A na biyu, aikin da aka yi. A na uku, yadda jiki ya kwana. A na huɗu, maganin da aka sha. Bayan wata guda za ku gani da idonku wane aiki ke kayar da mara lafiya, wane ne yake iyawa. Ranar zuwa likita, ku tafi da littafin. Mai mantuwa ba zai manta abin da ke rubuce ba. Ku riƙa duba shekarar da ke jikin kwalin magani, don kada ku sha wanda ya lalace.

Kada kowa ya yanke ƙauna. Mutane da yawa suna samun sauƙi sannu a hankali, cikin watanni. Wasu sukan kai shekara ko fiye. Bincike ya nuna waɗanda suka yi allurar rigakafi ba su cika faɗawa doguwar korona ba kamar waɗanda ba su yi ba. Tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini su nemi shawarar likita a kan wannan. Mai mura da tari kuma ya rufe bakinsa, ya wanke hannu da sabulu, ya ɗan nisanci tsofaffin gida har ya samu sauƙi.

Tambayoyin tattaunawa

Malamai, bayan an kashe rediyo, ku tattauna waɗannan da ɗalibanku:

1. Waɗanne alamomi ne ba a jira da su?
2. Me ya sa mutumin cikin misalinmu ya kwanta kwana uku?
3. A garinku, in magidanci ya kasa noma saboda ciwo, wa ke taimakonsa?

Kowa ya rubuta amsarsa da hannunsa. Wanda ya ji hirar nan ya kai ta ga wanda bai ji ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa. Mu kwana lafiya.