Gogen Turawa da Hannun da Ke Ƙera Shi



Yau za mu ɗan fita daga aji mu leƙa Kiremona, wani gari a arewacin Italiya, inda aka shafe fiye da shekara 450 ana sassaƙa gogen Turawa da hannu. Mu da muka san goge ba za mu ji baƙunta sosai ba, domin shi ma da gashin wutsiyar doki ake goga shi, a shafa wa gashin ƙaro ya kama. Sai dai namu ƙwarya ce da fata da tsirkiya ɗaya, nasu kuwa katako ne zalla, tsirkiya huɗu, guntaye wajen 70 a jiki guda.

Aikin daga itace yake farawa. Fuskar gogen ana yin ta da sifurus, itace mara nauyi na tsaunukan Alfus, bayansa da gefensa kuwa da mefil mai tauri, kuma duka sai sun yi shekaru suna bushewa. Katakon gefe, wanda kaurinsa bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba, a jikin ƙarfe mai zafi ake lanƙwasa shi. Fuska da baya kuwa ba lanƙwasa su ake yi ba. Daga katako mai kauri ake sassaƙe su, ana kankarewa sannu a hankali har fuskar ta koma kimanin milimita uku. A nan gwaninta take. Masassaƙin zai ɗaga katakon, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kasa kunne, ya ɗan murɗa shi ya ji ƙarfinsa, sannan ya san ko ya ƙara kankara ko ya tsaya. Babu itace biyu da suke daidai, don haka awo kaɗai ba ya wadatarwa.

Ana haɗa sassan da dankon da aka dafa daga fatar dabba, wanda ake iya ɓamɓarewa in gyara ya taso ko bayan ƙarni biyu. Bayan an shafe shi da mai sheƙi, shafi bisa shafi, sai a zura wani ɗan siririn itace a ciki, a tsayar da shi tsakanin fuska da baya ba tare da danko ba. Italiyawa suna kiransa rai. Ya gusa kaɗan, muryar gogen ta sauya.

Abin da ya fi jan hankalinmu, mu malamai, shi ne yadda ilimin ya sha da ƙyar. Annobar 1630 ta kashe Jirolamo Amati, ta bar ɗansa Nikolo kusan shi kaɗai da sana'ar gidan. Sai ya buɗe ƙofa, ya karɓi almajirai daga wajen zuriyarsa, cikinsu har da Andiriya Guwarneri. A wannan gari Antoniyo Sitiradibari ya yi suna har rasuwarsa a 1737. Bayansa sana'ar ta yi ta dusashewa a Kiremona, kuma magabatan ba su bar cikakken bayanin hanyoyinsu a rubuce ba, har yau ana muhawara kan abin da suke shafa wa katakon. Sai a 1938 aka buɗe makarantar koyar da sana'ar a garin, a 2012 kuma UNESCO ta sanya ta cikin al'adun gado na duniya. A yau ɗalibai daga Japan da Koriya da sauran ƙasashe suna zuwa can su zauna gefen malami suna koyon kankara.