MENA TANA FILIN ƘWALLO, AMMA TANA ƘAREWA A DAJI

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na ƙasar Tasawa da Mayahi

 

Kowa ya san sunan Mena. Idan ƴan ƙwallon Nijar suka shiga fili, yara suna kewaye rediyo suna kiran sunan. A 2012 da 2013 Mena ta je gasar cin kofin Afirka, ƙasa duka ta yi murna. To, amma a tambayi yaran nan: mene ne mena? Da yawa ba su sani ba. Mena dabbar daji ce. Daga gare ta ƴan ƙwallo suka ari suna. Yau mai sunan tana bakin ƙarewa.

Kamanninta

Mena babbar ƴar uwar barewa ce. Cikin dangin barewa duka babu wadda ta kai ta girma. Daga ƙasa zuwa kafaɗa tana kai mita 1, wata ma ta ɗara. Babban namiji yana iya kai kilo 70. Ƙafafunta dogaye ne, wuyanta dogo. Wuya da gadon baya ja ne, ciki da ƙafafu da gindi fari fat. A maƙogwaronta akwai ɗan farin tabo. Namiji da mace duk suna da ƙaho, gajere, mai lanƙwasa baya.

Abincinta da tafiyarta

Da damina mena tana cin ɗanyen haki. Da rani sai ta koma ga itatuwa. Tana cin ganyen kandili da na aduwa. Takan miƙe bisa ƙafafun baya kamar akuya, ta kamo ganyen da ke sama. Yawancin ruwan da jikinta ke bukata daga ganyen nan take samu. Shi ya sa takan daɗe ba ta je tabki ba. Ke nan inda babu icce, babu mena.

Can dauri mena matafiyiya ce, kamar makiyayi. Ruwa ya sauka, ta yi arewa wajen hamada. Rani ya yi, ta gangaro kudu garke garke, har ƙasar Damargu da ƙasar Dakoro. Waɗannan kuwa maƙwabtan Tasawa da Mayahi ne.

Haihuwarta

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Mena tana ɗaukar ciki wata 6 da rabi. Ɗa guda take haihuwa. Ba ta yin tagwaye kamar akuya. Idan ta haihu, sai ta ɓoye ɗan cikin haki ko gindin icce. Ta tafi kiwo, ta dawo ta ba shi nono. Mai wucewa yakan ga ɗan kwance shi kaɗai, ya ce maraya ne, ya ɗauka. Ba maraya ba ne. Uwarsa tana kusa. Barewa ma haka take yi.

Dabba mai haihuwar ɗaya ɗaya ba ta jure yawan kisa. Mota guda tana iya kashe garke cikin yini guda. Mayar da garken nan kuwa aikin shekaru ne.

Me ya ƙarar da ita?

Mahalban dauri suna da baka da tarko da kare. Da ƙafa suke tafiya. Su kashe ɗaya, saura su tsere. Daga baya mota da bindigar zamani suka shigo daji. Ana bin dabba da mota har ta gaji ta faɗi. Wannan shi ne babban dalili.

Na biyu, fari. Farin 1973 da na 1984 sun kashe bisashe, sun kashe itatuwa. Namun daji ma ba su tsira ba.

Na uku, wurin zama ya ƙuntata. Jama'a ta ƙaru. Gonaki sun yi arewa, har sun wuce iyakar noma da dokar 1961 ta shata. An gina rijiyoyi inda da babu kowa. An sare itatuwan da mena ke ci.

Yau masana sun ƙiyasta mena da suka rage a daji, duniya duka, ba su kai 300 ba. Waɗanda ake kiwo a gidajen namun daji na Turai da Amurka sun fi su yawa. A Nijar wuri biyu aka san suna nan: duwatsun Tarmit, da dutsen Takolokuzet na ƙasar Abzin. Sauran suna Cadi. Wadda da take yawo a fili, yanzu ta laɓe cikin duwatsu don tsoron mutum.

Darasin mariri

Mena tana da abokin zama a da, shi ne mariri, farin nan mai dogon ƙaho kamar takobi. A 1955 aka keɓe gandun dajin Gadabeji cikin ƙasar Dakoro, hekta dubu 76, don kare irin waɗannan namun daji. Duk da haka halbi bai tsaya ba. Cikin shekarun 1980 aka daina ganin mariri a Nijar. A 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a daji ko'ina.

Allah ya sa akwai waɗanda ake kiwo a ƙasashen waje. A 2016 aka ɗauko wasu cikin jirgin sama daga Abu Dabi, aka sake su a dajin Cadi. Sun hayayyafa, yau sun kai ɗaruruwa. Amma a duba wahalar da aka sha da kuɗin da aka kashe. Tsare abin da ke hannu ya fi sauƙi bisa nemo wanda ya ɓace.

Abin da hukuma ta yi

Dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 ta sa mena cikin dabbobin da aka hana taɓawa sam. Wanda ya kashe ta ko ya kama ta, akwai tara, akwai gidan kaso. A watan Maris 2012 gwamnati ta keɓe babban gandun Tarmit da Tin Tuma. A 2018 aka kawo raƙuman dawa 8 daga Kure zuwa Gadabeji, bayan sun yi shekaru da yawa babu su a wurin. Wannan ya nuna dajin jihar Maraɗi yana iya karɓar namunsa, idan mutane suka bar su.

Ina ruwan manomin Tasawa da Mayahi?

Wani zai ce: mena tana Tarmit, gonarsa tana bakin Gulbin Kaba, me ya haɗa su? Abin da ya haɗa su yana da yawa. Barewa tana nan a Gadabeji da dajin arewa. Hanyar da mariri ya bi, ita mena ke bi. Idan ba a kula ba, barewa ce ta uku. Ga abin da kowa ke iyawa:

1. Kada a ɗauki ɗan barewa da aka tarar kwance a daji.
2. Kada a sayi ɗan barewa, ko namanta, ko fatarta a kasuwa. Idan babu mai saye, mai kamawa zai bari.
3. Wanda ya ga mota tana bin namun daji, ya gaya wa mai gari ko ma'aikatan gandun daji.
4. Lokacin sassabe a bar tohon itatuwa a gona, kamar yadda manoman jihar Maraɗi da yawa suka saba tun bayan farin 1984. Aduwar da aka bari abincin akuya ce, abincin barewa ce.
5. Masu zuwa kiwo arewa su kashe wutarsu sarai kafin su tashi.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A tambayi tsofaffin gari namun dajin da suka gani da idonsu suna yara. A rubuta sunayen a littafi, a ƙidaya nawa suka rage. Allah ya ba da damina mai albarka. Wassalam.