Talla da Makaranta: Mu Fara Tambaya



Burin yawancinmu shi ne kujerar ofis da gida a Nasarawa GRA. Daga can kuwa mutum yana iya tsara wa talakawa doka alhali bai taɓa zama a zaurensu ba.

A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta, wato UPE, amma iyaye da yawa suka ƙi sakin 'ya'yansu mata. Aka ce jahilci ne. A shekarun nan Enid Schildkrout, masaniyar al'adu da zaman jama'a, ta yi bincike a unguwannin birnin Kano. Ta tarar matar da ke kulle ba ta da ƙafa sai 'yarta. Yarinya ke fita da talla, ribar kuma da ita ake tara kayan ɗakinta. Ashe raba ta da faranti rufe sana'ar uwa ne.

Amfanin wannan ilmi ke nan. Da an fara tambaya, da an daidaita lokacin karatu, an kuma tallafa wa sana'ar iyaye mata. Har yau yara suna talla. Ranar da alƙalami ya zo hannunmu, mu yi sallama a zaure kafin mu sa hannu.